Gyaran Iyakokin Gundumomin Ilimi a Kewayen Barikokin Soja a Amurka

Gabatarwa

A ƙasar Amurka, gidan da yaro yake kwana shi ne ke nuna makarantar gwamnatin da zai shiga. An yanka ƙasar gunduma-gunduma ta fuskar ilimi, kowace gunduma da iyakarta a taswira, da hukumarta, da asusunta. Wannan tsari yakan tafi daidai gwargwado har sai an iso ƙofar barikin soja. A nan ne lissafi yake rikicewa, domin bariki yana kawo wa gari yara dubbai, amma ƙasar da yake zaune a kai ba a biyan mata haraji. Saboda haka duk lokacin da aka tashi matsar da iyaka a kewayen bariki, sai ka ji gardama ta kaure tsakanin gundumomi da iyaye da hukumar soja.

A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana wa mai karatu yadda wannan al'amari yake: mece ce gundumar ilimi, me ya sa bariki ya zame mata ƙarfen ƙafa, waɗanne hanyoyi aka bi wajen shata iyaka, kuma me ke sa a sake shata ta. Abin da nake so ya fito fili shi ne, layin da ake ja a taswira yana yanke abubuwa uku a lokaci guda: inda kuɗi za su tafi, inda yaro zai sami gurbi, da kuma wanda za a saurara idan ya yi magana.

Mece Ce Gundumar Ilimi?

Mu a nan Nijeriya mun saba da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, wadda iyakarta ita ce iyakar ƙaramar hukumar, kuɗinta kuma daga sama suke gangarowa. A Amurka abin ya sha bamban. Akwai gundumomin ilimi fiye da 13,000, kuma kowace jiha da yadda ta tsara nata. Jihar Hawaii gunduma ɗaya tak gare ta, alhali Texas tana da fiye da 1,000. A wasu jihohi, kamar Maryland da Florida, iyakar gunduma tana bin iyakar yankin mulki. A wasu kuwa tana ratsa gari, har ta raba unguwa biyu.

Kuɗin gudanar da makarantu daga wurare uku suke zuwa. Kaso mai tsoka daga gwamnatin jiha, wani kaso kusan kamarsa daga harajin da ake karɓa a cikin gundumar, musamman harajin gidaje da filaye, sai kuma ɗan abin da gwamnatin tarayya ke bayarwa, wanda a yawancin shekaru ba ya wuce kashi 10 cikin 100. Ke nan gundumar da ke da manyan gidaje da masana'antu takan tara kuɗi mai yawa ko da ta sa haraji mai sauƙi, ita kuwa ta talakawa ko ta tsawwala ba za ta kamo ta ba.

An taɓa kai wannan bambanci gaban shari'a. A 1968 wasu iyaye a gundumar Edgewood da ke birnin San Antonio, ƙarƙashin jagorancin Demetrio Rodriguez, wanda ma'aikaci ne a barikin sojan sama na Kelly, suka shigar da ƙara cewa tsarin ya tauye 'ya'yansu. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai biyar a kan huɗu, cewa tsarin bai saɓa wa kundin tsarin mulkin tarayya ba. Tun daga nan iyakar gunduma ta ci gaba da zama katanga mai nauyi.

Ya kamata mai karatu ya rarrabe iyakoki iri biyu. Akwai iyakar gunduma ita kanta, wadda dokar jiha ce ta kafa ta, kuma canza ta yakan buƙaci majalisar jiha, ko hukumar ilimi ta jiha, ko ƙuri'ar mazauna wurin. Akwai kuma iyakar shiyya a cikin gunduma, wato wadda ke nuna unguwannin da kowace makaranta za ta ɗebi ɗalibai daga cikinsu. Wannan ta biyun hukumar gunduma ce ke gyara ta bayan ta saurari jama'a. Bariki yana taɓa dukkan biyun.

Matsalar da Bariki Ke Kawowa

Ƙasar bariki mallakar gwamnatin tarayya ce, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1819 aka tabbatar da cewa jiha ba ta da ikon ɗora wa hukumomin tarayya haraji. Saboda haka idan aka kafa bariki a wata gunduma, filin da ya cinye ya fita daga kundin haraji. Barikin Fort Hood na Texas, alal misali, ya haura eka 200,000.

Ba nan asarar ta tsaya ba. Doka ta yarda soja ya ci gaba da zama ɗan jiharsa ta asali duk inda aka tura shi aiki, don haka harajin albashinsa ba lallai ya shiga aljihun jihar da yake zaune ba. Haka kuma iyalinsa suna iya yin sayayya a kantunan bariki, inda ba a karɓar harajin ciniki. Amma 'ya'yansa dole a ba su aji da malami da motar makaranta kamar kowa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na 'ya'yan sojojin Amurka a makarantun gwamnati na gundumomi suke karatu. Wato dai an ɗora wa jaki kaya an kuma rage masa dusa.

Tallafin Rage Nauyi

Gwamnatin tarayya ta fara ganin girman matsalar a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'adda ƙananan garuruwa suka cika da sojoji da ma'aikatan masana'antun makamai. A 1950, zamanin Shugaba Harry Truman, majalisa ta yi dokoki biyu, ɗaya don gina makarantu, ɗaya don gudanar da su, a wuraren da ayyukan tarayya suka yi wa nauyi. Wannan shi ne shirin da ake kira Impact Aid, wato tallafin rage nauyi. A 2024 kuɗin da aka ware masa sun kai kimanin dala biliyan 1.6, ana raba su ga gundumomi fiye da 1,000, waɗanda suka haɗa da na yankunan Indiyawan Amurka na asali.

Yadda ake lissafa tallafin shi ne ya sa iyaka ta zama abin faɗa. Kafin gunduma ta cancanta, sai ta kasance tana da aƙalla yara 400 masu alaƙa da gwamnatin tarayya, ko kuma su kai kashi 3 cikin 100 na ɗalibanta. Sannan ba kowane yaro ake ƙirgawa daidai ba. Ɗan sojan da ke kwana a cikin bariki ana ƙirga shi a matsayin ɗalibi guda cikakke. Wanda iyayensa suka kama haya a cikin gari kuwa kashi ɗaya cikin biyar ake ƙirga shi, bisa hujjar cewa gidan da suke ciki ana biya masa haraji. A misalce, yara 1,000 na cikin bariki 1,000 ne a lissafi, amma 1,000 na cikin gari 200 ne kawai. Duk gundumar da rukunin gidajen bariki ya faɗa cikin iyakarta, ita ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka.

Akwai kuma wani lauje cikin naɗi. Tun 1969 majalisa ba ta sake ware wa shirin cikakken kuɗin da lissafi ya nuna ba. Saboda haka ake fifita gundumomin da suka fi dogara da tallafin, wato waɗanda 'ya'yan tarayya suka yi rinjaye a cikin ɗalibansu. Idan aka bar bariki gaba ɗaya a hannun ƙaramar gunduma, tana iya samun kusan duk haƙƙinta. Idan kuwa aka yayyanka shi tsakanin manyan gundumomi uku, yaran sai su narke a cikin taro, kowace gunduma ta tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Yaran ba su ragu ba, amma kuɗin da ke bin su sun ragu.

Hanyoyi Uku da Aka Bi

Hanya ta farko ita ce a bar bariki a cikin gundumar da ke maƙwabtaka da shi. Wannan ita ce ta fi yawa. Gundumar Killeen ce ke tafiyar da makarantun da ke cikin Fort Hood, haka nan gundumar Clover Park a barikin Lewis-McChord na jihar Washington. Alfanunta shi ne ɗan soja yana cuɗanya da yaran gari. Illarta kuwa, duk abin da ya sami bariki, na cika ko na raguwa, sai ya girgiza gundumar duka.

Hanya ta biyu ita ce a mai da bariki gunduma mai zaman kanta, iyakarta ta zama daidai da shingen barikin. A San Antonio akwai irin waɗannan guda uku: Lackland da Randolph Field da Fort Sam Houston. Ba su da ko gida ɗaya da za su karɓi haraji a kansa, don haka da kuɗin jiha da tallafin tarayya suke rayuwa. 'Yan hukumarsu ma ba zaɓen su ake yi ba, hukumar ilimi ta jihar Texas ce ke naɗa su daga sunayen da kwamandan bariki ya miƙa. A jihar Kansas ma barikin Fort Leavenworth yana da gundumarsa, sai dai ba ta kai ƙarshen sakandare ba, manyan ɗalibai sukan fita zuwa cikin gari su kammala.

Hanya ta uku ita ce Ma'aikatar Tsaro ta buɗe makarantunta da kanta. Hukumar ilimi ta ma'aikatar tana da makarantu kimanin 160, galibinsu a ƙasashen waje kamar Jamus da Japan da Koriya ta Kudu, sauran kuma a jihohi bakwai na cikin gida da tsibiran Guam da Puerto Rico. In ban da New York, duk jihohin nan na kudu ne, kuma wannan yana da tarihi. A 1948 Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariyar launin fata a rundunar soja, alhali makarantun jihohin kudu suna nan a rarrabe, na farare daban, na baƙaƙe daban. Sai ya zamana baƙin soja da farin soja suna fareti tare, amma da safe 'ya'yansu motoci daban suke hawa. Makarantun barikin Fort Bragg da ke North Carolina sun haɗe yaran tun 1951, shekara uku kafin Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati a 1954. A farkon wannan shekarar ta 1954 ne kuma Sakataren Tsaro Charles Wilson ya umarci duk makarantun da ke cikin barikoki su daina wariya kafin Satumbar 1955. A nan iyaka ta yi aikin garkuwa: an zare yaran daga tsarin gari domin a kare su daga gare shi.

Me Ke Sa a Sake Shata Iyaka?

Babban dalili shi ne bariki ba ya zama a girma ɗaya. Bayan da Yaƙin Cacar Baka ya fara lafawa, Amurka ta yi zagaye biyar na rufe barikoki da sake musu fasali: 1988 da 1991 da 1993 da 1995 da 2005. Da aka rufe Fort Ord a jihar Kalifoniya a 1994, gundumar Monterey ta yi asarar ɗalibai dubbai cikin ɗan lokaci, sai da ta rufe wasu makarantu ta sake raba shiyyoyi. A wani ɓangare na filin barikin ne aka kafa jami'ar jiha ta Monterey Bay. A wannan shekarar ce kuma aka rufe barikin sojan sama na Loring a garin Limestone na jihar Maine. Ginin makarantar garin ya fi ƙarfin yaran da suka rage, sai jihar ta buɗe makarantar kwana ta kimiyya da lissafi a wurin a 1995, tana ɗebo ɗalibai daga ko'ina a jihar.

Wani wurin kuwa cika ce ta zo. Bayan zagayen 2005 aka maido da runduna ta ɗaya ta motocin sulke daga Jamus zuwa Fort Bliss, ta kafa hedikwatarta a can a 2011. Dubban iyalai suka sauka a birnin El Paso, gundumomin birnin suka shiga gine-gine da gyaran shiyyoyi. Abin da ke ba su wahala shi ne, hukumar soja tana iya faɗin yawan sojojin da za ta kawo, amma ba ta san unguwar da kowane iyali zai kama haya ba, alhali yawancin iyalan soja a wajen bariki suke zama.

Dalili na biyu shi ne canjin mazauna gidajen bariki. Wani misali ya faru a jihar New Jersey, a ma'ajiyar makaman sojan ruwa ta Earle. Gidajen iyalan suna cikin yankin Colts Neck, amma a ƙarshen shekarun 1980 aka yi doka ta musamman wadda ta ba maƙwabciyarsu Tinton Falls ɗaukar yaran. Bayan shekaru, buƙatar sojojin ta ragu, aka yi shirin ba farar hula hayar gidaje 300 da ke wurin. Nan take tambaya ta taso: 'ya'yan waɗannan baƙi wa zai koyar da su, tunda gidajen ba sa biyan haraji, yaran kuma ba 'ya'yan soja ba ne balle su zo da cikakken tallafi? Tinton Falls ta ce ita 'ya'yan sojan ruwa kaɗai ta yi alkawarin ɗauka, Colts Neck kuma ba ta so nauyin ya dawo kanta. Daga ƙarshe aka fasa shirin, aka rushe gidajen.

Dalili na uku shi ne tsaro da nisa. Tun harin 11 ga Satumba, 2001, aka tsananta bincike a ƙofofin barikoki. A takarda, abu ne mai sauƙi a ce makarantar cikin bariki tana da gurbi, don haka a tura mata yaran unguwar da ke jikin shinge. A aikace kuwa, sai uban yaro ya nemi takardar izini kafin ya je ganin malamin ɗansa, ita ma motar makaranta sai ta zagaya ta bi ta ƙofa. Makarantu biyu da ke kallon juna ta shinge suna iya zama masu nisa ƙwarai a kan hanya.

Wa Ake Saurara?

Idan hukumar gunduma za ta gyara shiyyoyi, takan fara da ƙiyasin yawan yara, ta fitar da taswirori biyu ko uku, ta kira tarurrukan jin ra'ayi, sannan 'yan hukuma su kaɗa ƙuri'a. Aikin yakan ci shekara ɗaya ko fiye. A nan ne raunin iyalan soja yake bayyana. Akan yi wa soja canjin wurin aiki kusan duk bayan shekara biyu zuwa uku, ta yadda ɗansa kan canza makaranta sau shida zuwa tara kafin ya gama sakandare. Iyalin da suka halarci taron farko watakila sun tashi kafin a yanke hukunci, waɗanda hukuncin zai shafa kuma ba su riga sun iso ba. Bugu da ƙari, da yawansu rajistar zaɓensu a jiharsu ta asali take, ba su da ƙuri'a a zaɓen 'yan hukumar. Masu gidaje a gari kuwa suna nan daram, sun san darajar gidansu tana hawa tana sauka gwargwadon makarantar da aka jingina shi da ita, kuma ba sa fashin taro. Saboda haka yana da sauƙi a riƙa cike giɓi da yaran bariki: a kai su inda ake neman ƙarin ɗalibai, a kwashe su daga inda aka yi cunkoso. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan mai ɗakin ba ya daɗewa a ciki.

Don rage wannan rauni, barikoki suna da jami'an hulɗa da makarantu, wasu gundumomi kuma sukan ba wakilin bariki kujera a zaman hukuma ko da ba shi da ƙuri'a. Hukumar soja ma ta gano tana da sandar duka. A 2018 sakatarorin rundunonin ƙasa da ruwa da sama suka rubuta wa ƙungiyar gwamnonin jihohi cewa za a riƙa duba ingancin makarantu kafin a yanke inda za a kai sababbin ayyukan soja. A wannan shekarar ce shugaban jami'ar sojan sama da ke barikin Maxwell a Montgomery ta jihar Alabama ya bayyana cewa fiye da rabin hafsoshin da ke zuwa kwas a kwalejin yaƙi ba sa zuwa da iyalansu, kuma yanayin makarantun garin yana cikin manyan dalilai. Garin da bariki ke riƙe da tattalin arzikinsa ba ya jin irin wannan magana ya yi barci.

Buɗe Ƙofa Maimakon Matsar da Katanga

Da yake matsar da iyaka yana da wuya kuma yana jawo husuma, a shekarun baya-bayan nan an fi karkata ga sassauta ta. A 2008 aka fara wata yarjejeniya tsakanin jihohi kan karatun 'ya'yan soja, kuma zuwa 2014 duk jihohi 50 sun shiga. Ta tanadi saurin miƙa takardun ɗalibi, da karɓar ajin da yake ciki, da sassauci a sharuɗɗan kammala sakandare. Jihohi da dama sun yarda soja ya yi wa ɗansa rajista da takardar canjin aiki kawai, tun kafin ya sami gida. A 2018 jihar Virginia ta yi dokar da ta buɗe wa yaran da ke zaune a bariki damar neman kowace makaranta a gundumarsu idan akwai gurbi. Bayan ƙorafin Maxwell ma, wasu gundumomin da ke kewaye da Montgomery sun buɗe ƙofarsu ga 'ya'yan sojojin da ba a cikin iyakarsu suke ba.

A ganina wannan ci gaba ne, amma yana da tasa illar. Sau da yawa wanda ya zaɓi makarantar da ba ta shiyyarsa ba shi zai riƙa kai ɗansa da kansa. Hafsan da ke da mota biyu zai iya, ƙaramin sojan da ke fita fareti da asuba da mota ɗaya ba zai iya ba. Sannan makarantar da ke jikin bariki, wadda ake gudu, takan rasa ɗalibai da kuɗin da ke biye da su, sai yaran garin da ba su da wani zaɓi su ƙara shiga matsi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa rikicin iyaka a kewayen bariki ya samo asali ne daga haɗuwar tsari biyu da ba su dace da juna ba. Makaranta a Amurka ta ginu a kan mazaunin dindindin mai biyan harajin gidansa, shi kuwa soja ma'aikacin tarayya ne mai yawo, yana zaune a ƙasar da ba ta biyan haraji. Tallafin 1950 ya rage giɓin bai cike shi ba, kuma yadda ake lissafa shi ya ƙara wa layin taswira daraja. Saboda haka duk wanda zai auna wani gyaran iyaka, ina ganin tambayoyi uku ya kamata ya yi. Shin kuɗin sun bi yaran zuwa inda aka kai su? Shin an duba hanyar da yaro zai bi da safe, har da ƙofar bariki? Shin an ji ta bakin iyalan ƙananan sojoji, waɗanda su ne mafi yawa kuma mafi ƙarancin zaɓi? Gyaran da ya amsa waɗannan uku yana iya daɗewa. Wanda ya tsallake su kuwa, da zarar an yi wani sabon canjin runduna za a sake baza taswira a kan tebur.